Noman Rani a Tsakar Kai

Kalma ɗaya Bahaushe ya raba wa abubuwa biyu. Abin da iska ke kwashewa idan mata suna sheƙar hatsi a masussuka, ƙaiƙayi ne. Abin da ke sa dattijo ya zura yatsa ƙarƙashin hula yana susa ana tsakiyar hira, shi ma ƙaiƙayi ne. Tun ina yaro nake jin kalmar ta fuska biyun nan, ban taɓa haɗa su ba sai wata safiyar Janairu a Tawa. Ina tsaye gaban allo da baƙar riga, wata yarinya a bencin gaba ta ɗaga hannu ta ce, "Mushe, alli ya zubo maka a kafaɗa." Ranar ko akwatin alli ban buɗe ba tukuna. Na kaɗe kafaɗa, na ce mata madalla, na juya ga allo kunya kamar ƙasa ta tsage in shige. Daga ranar na daina sa baƙin kaya tsakanin Nuwamba da Maris.

Amosani ne, kuma mun daɗe da sanin juna. Ya same ni ina ɗan shekara 15 a garinmu Barmu, arewa da Tawa, daidai lokacin da murya ta fara buɗewa, gashin baki ya fara tsiro. Da fari a kai ya tsaya, fari-fari kamar dusa. Daga baya ya gangaro ya bi gira, ya sauka gefen hanci hagu da dama, ya laɓe bayan kunne, da gemu ya fito ya shige cikinsa, wata shekarar har tsakiyar ƙirji ya kai. Na fuska bai yi kama da na kai ba. Shi mai maiƙo ne, ɓawonsa ruwan ɗorawa, kamar garin ƙuli-ƙuli da ya manne a gefen ƙwarya. Littattafan likitanci suna cewa wurin ja yake yi. To, a fatar waɗanda suka rubuta su ke nan. A irin tamu fatar jan ba ya fitowa sosai, sai dai wurin ya koɗe ya yi haske, mutum ya wayi gari da fuska dabbare-dabbare, duk wanda ya gaishe shi sai idonsa ya ɗan tsaya a gefen hanci kafin ya ɗauke.

Inna ce likitata ta farko. Ta kan riƙe haɓata ta juya fuskar ga hasken rana ta ce, "Ɗari na, hwatakka ta bushe. Zo in shahwa maka mai." Wa zai ga laifinta? A hunturun ƙasarmu ta Adar komai tsagewa yake: leɓe, diddige, ƙwarya, igiyar guga, har takalmin fata. Maganinsu duka ɗaya ne, mai. Sai ta lakato man shanu na Fulani, mai kyau, wanda ta ɓoye don tuwon baƙi, ta bi kaina da shi tana murzawa har ya nutse. Ranar farko ɓawon yakan kwanta luf. Rana ta uku ya taso ya fi na da, ƙaiƙayin kuma ya ninka. Sai Inna ta ce man ne bai isa ba, a ƙara. Haka muka yi ta yi, ni da ita, wajen shekara 10.

Da na fara ɗaukar albashi sai na koma ga masu tallan magani da ke yawo da tire a ka. A kasuwar Lahadi ta Tawa wani ya ba ni ɗan man shafawa, ya ce uku ne cikin ɗaya, har ya rantse. Kwana 3 fuskata ta yi sumul kamar ta ango. Na yi masa addu'a bayan salla. Da man ya ƙare, mako bai zagayo ba abin ya dawo da ƴan rakiya. Zan dawo kan wannan man, don bashinsa na daɗe ina biya.

A ƙarshe dai na je wurin lokotoro, wato likita. Ya duba gira, ya buɗa gemu, ya leƙa bayan kunne, ya rubuta takarda, sannan ya ce mini abin nan kwantawa yake yi, ba ya tafiya, kuma in shirya zama da shi. Raina ya ɓaci. Na biya kuɗin kati, na bi layi tun safe, don a ce mini in yi haƙuri? Ƙarshen mako na hau kabu-kabu na nufi gida, na tarar da Baba a gindin bedi yana sa wa hauya ƙota. Na zayyana masa. Bai ko ɗago kai ba ya ce, "To kai mi kake so? Shekara 50 ina noman gonag ga. Ka taɓa jin ranad da nic ce na gama da haki? Ka yi noman hwari, ka koma maimai, baɗi ka sake. Wanda duk yac ce maka shina da maganin haki na har abada, kuɗinka shika so." Ya buga ƙotar a kan dutse sau biyu, ya miƙo mini hauyar in gwada ko ta zauna.

Na ɗauki maganar a matsayin irin ta tsofaffi, wadda ake ji a ce haka ne a wuce. Sai da na zauna na karanta yadda ciwon yake na ga ashe Baba bayanin likita ya yi mini, da kayan aikinsa.

Ba wanda ke shuka ƙarangiya. Irinta yana cikin ƙasa tun bara da bara waccan, yana kwance duk tsawon rani, ruwan farko kawai yake jira. Haka fatar kowane baligi take. Akwai wata ƴar halitta da ke zaune a kanta, dangin fumfuna, ƴar uwar yis ɗin da ke kumbura burodi, wadda ido ba ya gani sai da madubin likita. A 1874 wani Bafaranshe, Louis-Charles Malassez, ya gan ta cikin ɓawon amosani, shi ya sa ake kiranta Malassezia. A 1887 wani likitan fata Bajamushe, Paul Gerson Unna na birnin Hambog, ya siffanta ciwon ya danganta shi da maiƙon fata. Daga nan likitoci suka shafe kusan shekara 100 suna gardama, kuma gardamar tana da hujja: in dai halittar nan tana kan mai amosani tana kan marar amosani, ta yaya za a ɗora mata laifi? A 1984 wani likitan fata a Ingila, Sam Shuster, ya tattara shaidun ya nuna abin da manomi zai gane nan take. Duk maganin da ya rage yawanta, amosani ya kwanta. Aka daina, ta yaɗu, ya dawo.

Saura tambayar da ta fi ci mini rai, wato me ya sa ni, ban da wana da muke kwana ɗaki ɗaya muna aron hular juna. Amsar tana nan a bakin hanyar gona. Gonaki biyu iyaka ɗaya, ruwa ɗaya, iska ɗaya, amma ɗaya ciyawa ta shanye ta, ɗaya kuwa sama-sama. Sai abu uku sun haɗu: iri, da abincinsa, da irin ƙasar. Halittar tana farfasa maiƙon da fata ke fitarwa, ta ci wanda take so ta bar sauran, kamar mai shan rake ya zubar da tuƙa. Tuƙar nan ita ke ratsa fata. Wani fatarsa ba ta ko kula, wani kuwa tasa sai ta harzuƙa. Fata lafiyayya takan ɗauki kimanin wata guda tana sabunta kanta, tsohuwar tana kakkaɓewa a hankali ba mai gani. Wadda ta harzuƙa gaggawa take yi, kamar maginin da ake tsaye a kansa yana ɗora tubali ɗanye, sai ginin ya riƙa ɓamɓarowa falle-falle. Kusan rabin manya suna samun ɗan amosani mai sauƙi a kai; irin nawa mai sauka fuska kuwa mutum ƙalilan ne cikin 100.

Ashe ke nan ba ƙazanta ke kawo shi ba, kuma ba a ɗaukarsa a jikin wani. Na daɗe ina zargin askar wanzaminmu a zuci, har na ƙaurace masa shekara guda ba tare da ya san laifinsa ba. Allah ya jiƙansa, ban samu na roƙe shi gafara ba.

Abin da ya fi girgiza ni shi ne batun abincinta. A 2007 masu bincike suka warware tsarin halittarta, suka tarar ba ta da abin da za ta ƙera nata maiƙon da shi. A namu take rayuwa, kamar baƙon da bai zo da guzuri ba. Shi ya sa ba a samun amosani a tafin hannu ko ƙwauri, sai inda fata ta fi tsatso da mai: kai, gira, gefen hanci, kunne, ƙirji. Shi ya sa kuma yake zuwa da balaga, lokacin da maiƙon jiki ke buɗewa. Masu renon halittar a ɗakin gwaji kuwa, in suna so ta tsiro musu a faranti, man zaitun suke zuba mata. Da na karanta wannan sai hannun Inna ya faɗo mini a rai, da ɗan kaskon man shanunta.

Ba Ba'adaren da zai raina taki. Bayan girbi har roƙon makiyaya ake yi su sauka a gona da dabbobinsu, a ba su hatsi su bar kashi. Amma kowa ya san inda garke ya kwana, nan ciyawa ke fara tashi, nan kuma ta fi kauri. Man shanu, man gyaɗa, man kaɗe, man zaitun, duka suna ɗauke da irin maiƙon da baƙuwar nan ke ci. Na taɓa faɗin haka a majalisa, wani malami abokina ya ɗaure fuska ya ce zaitun itace ne mai albarka. Na ce masa ko kusa ban musa ba, ni ma ina cinsa. Taki ma albarka ne, sai dai ba a zuba shi a tsakar ɗaki. Basilin shi daga man fetur ake samo shi, halittar ba ta iya cinsa, amma in aka lafta shi da kauri yakan danne ɓawo da gumi a ƙarƙashinsa, don haka shi ma shafa kaɗan ake yi.

Abin da ke ruɗin mutane, har da Inna, shi ne ɓawon fari ne, a ido kamar bushewa. Wanda ya taɓa ratsa fadamar kanwa ya san wannan ruɗin. Farin da ke samanta yana ƙumewa ƙarƙashin ƙafa kamar busasshen abu, alhali damshin da ke ƙasa ne ya turo shi.

Adar ƙasar dutse ce da fako. Ruwan da ke sauka a wajajen Tawa bai cika kai milimita 400 a shekara ba, cikin wata uku zuwa huɗu, kuma in ya sauka a kan fako ba ya ko gaisawa da ƙasa, gudu yake ya faɗa ƙorama ya tafi da ɗan abin da ya rage. A ƙarshen shekarun 1980 wasu manoman Illela suka je Yatenga a Burkina Faso, suka ga yadda ake haƙa ramuka a fako, suka dawo suka raya tassa: a haƙa rami tun da rani, a zuba ɗan taki, in ruwa ya zo ya tsaya ciki ya nutse. A Keita kuma, tun daga 1984, mata ne galibi suka yi ta ɗaukar duwatsu a ka suna jera su a gicciye kan gangare, mazan suna can wajen bida a Abijan da sauran garuruwan gaɓar teku. Dabarar duka guda ce, a tsare ruwa ya daɗe a inda ake so ya shiga. Wuraren da a da ko akuya ba ta tsayawa, aka wayi gari ana ɗaure damman hatsi.

Ni kuwa, ɗan wannan ƙasa, da aka rubuta mini sabulun ruwa na magani, sai na yi masa amfanin fako. Ketokonazol ne, mai ƙarfin 2 cikin 100, maganin da kamfanin Janssen na Beljiyam ya samar a shekarun 1970. Akwai kuma wani mai sinadarin seleniyam, wanda ke warin farar wuta. Nakan zuba a kai, in cuɗa ya yi kumfa, in sheƙa ruwa, duka cikin ƙiftawa da bismilla. Kwalba ta ƙare ban ga komai ba. Na koma na ce jabu aka sayar mini. Lokotoro ya ce, "Minti nawa kake barinsa?" Na yi shiru. Ashe minti 3 zuwa 5 ake so ya zauna, a kan fatar kai, ba a kan gashi ba, a murza da tsokar yatsu ban da farce, a jawo kumfar zuwa gira da gefen hanci da bayan kunne da cikin gemu, a kiyaye ido. Sau biyu a mako, har mako 2 zuwa 4. Wannan shi ne noman fari. In ya kwanta, a koma sau ɗaya a mako ko a mako biyu, ba ranar dainawa. Wannan shi ne maimai.

Minti 5 ba komai ba ne a takarda. A makewayi marar rufi, da asubahin Janairu, jiki jiƙe, iskar gabas tana shigowa ta saman katanga, minti 5 ya fi huɗubar Idi tsawo. Ga shi wurin ba wurin da mutum zai ja carbi ya rage lokaci ba ne. Dabarar da na samu ita ce in jiƙa kai da buta a tsakar gida, in shafa maganin, in zauna kan turmi a hantsi ina asuwaki. Kafin in gama da haƙora lokaci ya cika, sai in shiga wanka da ruwa mai ɗumi, ba mai zafin da ke ƙone fata ba. Yara sun yi dariya mako biyu, suka gaji suka bari.

A maimai ake faɗuwa. Sau uku ina faɗuwa a nan. Kai ya yi fes, fuska ta koma daidai, sai zuciya ta ce an warke, kwalba ta koma bayan akwati. Bayan wata ɗaya ko biyu sai in ji yatsa ya nufi ƙarƙashin hula da kansa. Jerin duwatsun nan na kan gangare ma haka suke: kowace damina ruwa yakan ture wasu, inda ake komawa a mayar da su gona na nan, inda aka ce aiki ya ƙare kuwa kwazazzabo ya dawo ya ci abinsa.

Duk wannan da sauƙi ga namiji. In abin ya dame ni sai in je a yi mini ƙwal, kwalba ɗaya ta kai ni ƙarshen ɗari, buta biyu ta ishe ni. Ƙanwata da ta gado irin fatata ita ke shan wuya. Kitso kuɗi ne da yini guda a zaune, kuma ana so ya kai mako biyu ko uku. Kai yana cikin kallabi da hijabi daga safe har dare, gumi ba ya samun mafita. Ruwa kuma daga rijiya yake zuwa, a ka ko a bayan jaki, kowace jarka da lissafinta. Wanda ya rubuta "sau biyu a mako" a jikin kwalba famfo gare shi a ɗaki, kuma bai taɓa zama gaban makitsiya ba. Da ta kai kukanta likita, sai aka sassauta mata: sau ɗaya a mako ta bi tsagar kitso da maganin, tsaga-tsaga da ɗan yatsa, ta bar shi ya jima, ta ɗauraye da buta a hankali, ranar tsifa kuma ta yi wankin gaske. Maganin yana busar da irin gashinmu har ya riƙa karyewa, saboda haka mai bai haramta gare ta ba, sai dai a jikin gashi da bakinsa, a bar gindin. Rigimar da ta fi wuya da makitsiya aka yi ta, domin hannunta ya saba, tana tsaga tana bin tsagar da mai, kuma a ganinta kitso ba mai rowa ne. Sai da aka haɗa da Gwaggo kafin ta yarda, tana yi tana ƙunƙuni.

Ga kuma tsada. A shekarar da rumbu bai cika ba, in aka ɗora kwalbar magani a hannu ɗaya, tiyar hatsi a ɗaya hannun, ba sai an tambayi wanda zai rinjaya ba. Mai tire ya san haka, shi ya sa nasa man yake da araha da saurin aiki.

To, ga bashin da na ce na biya. Abin da ke saurin aiki cikin irin man nan mai uku-cikin-ɗaya sinadari ne mai ƙarfi na kashe kumburi, betametazon ko kilobetazol, irin wanda ake zubawa a mayukan bilicin. Aikinsa kamar sa wa gona wuta ne. Kafin la'asar ko'ina ya yi fes, mai wucewa ya yaba. Amma a maimaita bana, a maimaita baɗi, sai ƙasa ta rasa abin da ke riƙe ta, iska ta kwashe ta sama, a wayi gari gona ta koma fako. Fatar fuska dama siririya ce. Na yi wata takwas ina shafawa, tawa ta ƙara sirancewa, ta yi haske ba na lafiya ba, ƙananan ƙuraje suka feso kewayen baki, rana kaɗan sai raɗaɗi. Da na daina kuwa fuskar ta yi bore na makonni, har na ɗauki hutu. Su ma likitoci suna amfani da dangin wannan sinadari, amma mai sanyi, hidrokotizon 1 cikin 100, na ƴan kwanaki in wuri ya yi tsanani, sannan a ajiye. Na yau da kullum a fuska shi ne man ketokonazol, sau ɗaya ko biyu a yini na ƴan makonni. Ƙwayarsa ta sha kuwa a bar ta inda take: tun 2013 hukumar magunguna ta Turai ta ce a daina ba da ita don irin waɗannan cututtuka, saboda illar da take yi wa hanta. Koɗewar da amosani ke bari tana komawa da kanta in wurin ya lafa, sai dai tana ɗaukar makonni ko watanni, kamar yadda tabon garke ke ɗaukar lokaci kafin ya saje da sauran gona.

Akwai ciyawar da manomi ba ya yi wa kallon ciyawa kawai, ita ce ƙuduji. Furenta kyakkyawa, ruwan hoda, amma a saiwar hatsi take tsotso, irinta kuma yana iya kwana fiye da shekara 10 a ƙasa yana jira. In ta mamaye gona, tsoho ba ya cewa a ƙaro masu noma. Cewa yake ƙasar ta gaji. Amosani ma yakan kawo irin wannan labari. Nawa yana tashi a lokacin gyaran takardun jarrabawa, da duk watan da barci ya yi ƙaranci ko bashi ya yi yawa, har matata takan gane halin aljihuna daga girata. Wannan ƙaramar gajiya ce. Amma in ya taso wa babban mutum farat ɗaya, ya mamaye fuska da ƙirji, ya ƙi jin magani, to a duba ƙasar: yana yawan zuwa da tsanani ga wanda ƙanjamau ya raunana wa garkuwar jiki, wani lokaci shi ne alamar farko, kuma gwajin jini ba ya ɗaukar yini. Ana yawan ganinsa kuma ga tsofaffi masu ciwon makyarkyata da ake kira Fakinsan.

Ba kowane farin kai ne amosani ba kuma. Jariri yakan yi ɓawo mai maiƙo a maɗiga cikin watannin farko, ya tafi da kansa. Daga nan sai an balaga. Don haka yaron firamare da ke da farin kai, gashi yana gutsurewa da'ira-da'ira, makero ya kamata a zarga. Shi ana ɗaukarsa ta aska da mataji da hula, kuma sai an sha magani na makonni, shafe-shafe ba ya kai masa. Ƙyasbin ƙirji da baya kuwa aikin baƙuwar nan tamu ne, ɗan ɗakinsu ɗaya da amosani. Tsoron da ba a faɗi da ƙarfi, wanda na gani a idon Inna ranar da fuskata ta fara koɗewa, shi ne kuturta. Tabon kuturta ba ya ƙaiƙayi, kuma in aka shafa shi da auduga mutum ba ya ji. Wanda ya ga irin wannan ya tafi likita ba jinkiri, maganinta kyauta ne, tana kuma warkewa.

Wuri ɗaya ne misalin Baba ya gaza. Shi in ya sha wahalar noma yana da damma da zai ɗaure, yana da rumbun da zai cika. Ni ladan nomana shi ne kada a ga komai, kafaɗa ta zauna ba alli. Kalandarmu ma a juye take. Lokacin da yake rataye hauya, an kai hatsi gida, iska ta juyo daga gabas, lokacin nake sauko da tawa. Da damina, yana duƙe a gona, ni kusan hutu nake. Na faɗa masa haka, ya ce ashe ni ɗan noman rani ne, kamar masu albasar Galmi, sai dai tawa albasar ba mai saye.

Maimai na ɗaura shi a wankan Juma'a, don ita ce ranar da ba na mantawa. Hulunan kuma ana wanke su tare da kayan makon.

A hutun Disamba da ya wuce na je gida. Da dare muna zaune bakin wuta, Inna ta jawo fitila ta haska fuskata, ta juya ta hagu da dama kamar yadda ta saba tun ina yaro. Ba ta ce komai ba. Ta shiga ɗaki ta fito da kaskon man shanu, ta tsaya da shi a hannu tana dubana. Na tuɓe takalmi na miƙa mata ƙafa, diddigen duk faso ya tsattsaga shi. Ta zauna, ta ɗora ƙafar a cinyarta, ta lakato man da yawa.